Ki Ɗaure Ta a Ƙafa

Usisya, 9 ga Fabrairu, 1997

Wezi 'yata,

Ina gaishe ki da gaisuwar kawu, ke da mijinki Gondwe da 'yar jikata Temwa. Ina fata kuna lafiya. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke gaya mini zuwan hadari tun kafin ya haɗo. Ruwan sama ya yi yawa bana. Rogo ya yi kyau, tafki kuma ya cika har ya haɗiye dutsen da mahaifiyarki Esnati take wanki a kai tun tana budurwa. Jiya na je na tsaya a wurin. Ban ga dutsen ba, amma ƙafata ta san inda yake.

Tun Kirsimeti ban ga takardarki ba. Jirgin ruwa mai kawo wasiƙu ya zo sau shida, sau shida ina gangarawa bakin ruwa ina miƙa wuya. Simeon Kamanga, wanda tun da aka haife shi ko kare bai taɓa rubuto masa wasiƙa ba, ya ce mini, "Yotamu, je ka zauna, mutanen Blantyre sun manta da kai." Na ce masa, "Kai wa ya taɓa tunawa da kai, balle a manta?"

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san baƙaƙena kwance suke kamar kwale-kwale a kan yashi. Wanda ya koyi riƙe fensir yana ɗan shekara talatin, a mahaƙar zinariya ta Joni, can ƙasar kudu, ba a tambayarsa kyan hannu.

Na aiko muku da busasshen kifin usipa da garin rogo ta hannun matar fasto. Ki tuƙa wa yarinyar nan tuwon rogo na gaske, ta san ita 'yar bakin tafki ce. Har yanzu ina dariyar zuwanta na bara waccan. A safiya ɗaya ta gano inda kazata ke ɓoye ƙwai, ta haddace mai kowane kwale-kwale a gaɓar nan, ta kuma ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya. Shi ya sa nake kiranta Usipa, don ɗan kifin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya sai a cikin miya. Takalmin yana nan, na tsince shi a cikin rumbu.

Ki rubuto.

Kawunki,
Yotamu Mphande

Blantyre, 2 ga Maris, 1997

Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma. Muna lafiya, saƙo ya iso, mun gode. Allah ya sauwaƙe gwiwa. Ka gaishe mini da Baba Simeon, ka ce masa ba mu manta ba.

Shirun da na yi ba mantuwa ba ne. Na rasa ta inda zan fara ne.

Temwa ta shiga aji biyu. Kullum malamarsu tana ba su aikin gida: lissafi ashirin, kalmomi goma na kwafa, da karatun shafi ɗaya. Ina dawowa daga ofis ƙarfe biyar da rabi, mu zauna a tebur. 'Ya'yan maƙwabta suna gamawa cikin rabin awa su fita wasa. Mu sai mu yi awa biyu ba mu kai rabi ba. Za ta yi lissafi biyu daidai, sai ta ga ƙadangare a bango. In na dawo da ita, fensir ya faɗi, ta bi shi ƙarƙashin tebur, daga can in ji murya, "Mama, wa ke gaya wa tururuwa su bi layi?" Ƙafafunta kuwa ba sa daina harbin kujera. Ƙarshenta ni kuka, ita kuka.

Gondwe ya ce shagwaɓa ce kawai. Sau biyu ya buge ta da rula a hannu, abin bai canza komai ba.

Makon jiya shugabar makaranta ta kira ni. Ta ce yara da yawa suna jiran gurbi, in zango na biyu ya ƙare a watan Agusta littafin aikin gidan Temwa yana nan da giɓi, za su ba wani kujerarta. Gondwe ya ce shi ba zai nemi wata makaranta ba, zai kai ta wurin mahaifiyarsa a Rumphi ta koyi noma. Wata ma'aikaciyar jinya a majami'armu ta ce mini akwai yaran da haka Allah ya yi su, hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya, abin har suna gare shi a wurin likitoci. Ta sa mana suna a layin ganin likita, amma sai Satumba.

Abin da ya karya mini zuciya, Kawu, shekaranjiya ta ajiye fensir ta ce, "Mama, ki daina wahala. Ni daƙiƙiya ce, duk 'yan ajinmu sun sani." Ba ta ma yi kuka ba da ta faɗa.

Na san ra'ayinka a kan boko, tun ina ƙarama nake jin kana cewa ba ya kama kifi. Don Allah kada ka rubuto mini wannan. Ba ni da uwa, kai ne ka rage mini.

'Yarka,
Wezi

Usisya, 16 ga Maris, 1997

Wezi 'yata,

Gaisuwa gare ku duka. Lafiyata lau, gwiwa ta yi sauƙi. Na karanta takardarki sau uku, sau biyu a zaune, sau ɗaya a tsaye don haushi.

Lissafi ashirin! Ga yarinya 'yar shekara bakwai! Ko kwale-kwale in ka loda masa kayan jirgi ai nutsewa zai yi, kuma ba wanda zai ce itacen ne ba shi da kyau. Ba zan ce komai a kan boko ba tunda kin roƙe ni, amma na rubuta a raina.

Ki saurara, tunda yanzu ni kaɗai na rage da sanin waɗannan abubuwa. Wannan da likitoci suka sa wa suna, mu mun riga su saninsa. Jinin gidanmu ne, a kowane zamani sai ya fito a jikin mutum ɗaya. Kakana Chiweyu ba ya iya zama a taron dattawa, sai ya tashi ana tsakiyar magana, har aka taɓa cin sa tarar akuya. Amma shi ake ɗorawa a kan tudu ya duba ruwa, don idonsa yana ganin inuwar kifi inda mutum goma ba su ga komai ba. Gwaggona NyaChirwa ta ƙona tuwo fiye da kowace mace a Usisya, tana ɗora tukunya ta bi tsuntsu da ido ta manta. Amma babu ganyen da ba ta san maganinsa ba daga nan har Ruarwe. Akwai na uku, ba zan faɗi sunansa yau ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba a taɓa haifar daƙiƙi a gidan Mphande ba, ki gaya wa Usipa haka, ki ce inji ni.

Ga yadda mahaifina ya koya mini gyaran taru. In kada ko dutse ya yaga taru, ba a shimfiɗa wa ɗan koyo dukan ɓarnar a gabansa. Ido yana gajiya kafin hannu. In ya ga yagar gaba ɗaya, zuciyarsa ta gudu tun bai ɗauki allura ba. Sai a naɗe tarun a tura ƙarƙashin tabarma, a fito masa da kamu ɗaya tak. Ya ɗinke wannan, ya tashi, ya je bakin ruwa ya jiƙa hannu, ya dawo, a jawo masa wani kamun. Tashin nan ba wasa ba ne, yana cikin aikin. Mahaifina yakan ce busasshen hannu ba ya ƙulli mai kyau, amma daga baya na gane ba don hannun yake yi ba.

Ga jirgi can yana busa, takardar ma ta ƙare mini. Na sa miki igiya a cikin ambulan, daga tarun mahaifina na yanko. In yarinyar za ta zauna aiki, ki ɗaure ta a ƙafa. Haka aka yi mini, shi ya sa na zama mutum.

Kawunki,
Yotamu

Blantyre, 30 ga Maris, 1997

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna nan lafiya.

Wasiƙarka ta zo da igiyarta. Ina karantawa ina jin sanyi a raina, har na kai layin ƙarshe. Gondwe yana tsaye a kaina, ya karɓa ya karanta da ƙarfi, ya yi dariya ya ce, "To, kin ji! Ni rula kawai na ɗauka kika ce ba ni da tausayi. Ga kawunki, wanda kike ji da shi, ya aiko da igiya tun daga tafki." Ya miƙa hannu zai ɗauka, na fizge. Tun da muka yi aure ba mu taɓa faɗa irin na ranar ba.

Temwa tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta tambaye ni, "Mama, har Kaka ma ya ce a ɗaure ni?" Ka gaya mini abin da zan ce mata.

'Yata ba akuya ba ce. In haka aka yi maka, Allah ya isa tsakaninka da wanda ya yi, amma ba za a yi wa tawa ba. Mama takan ce kana da taurin kai, ba ta taɓa ce mini kana da taurin zuciya ba.

Ba zan ƙara dame ka da wannan magana ba.

Wezi

Usisya, 11 ga Mayu, 1997

Wezi,

Ina gaishe ku. Lafiyar jiki akwai, ta zuciya babu.

Jirgi ya yi mako biyar bai zo ba, an ce yana wurin gyara. Jiya ya iso da takardarki. Wato duk kwanakin nan da nake zaune ina yabon kaina na ba da shawara, jikata tana can tana kwana tana tashi da cewa kakanta ya aiko a ɗaure ta.

Igiyar, Wezi! Igiyar na ce ki ɗaure! Ki ɗaure ta, ita igiyar, a ƙafar yarinya, yadda kowane mai gyaran taru yake yi. Ke 'yar Usisya ce, ba ki taɓa kallon ƙafar masunci yana ɗinki ba? Birni ya cinye miki ido ke nan. To, ni ma da laifina, na bar jirgi ya yi mini gaggawa. Tunda baƙaƙena sun ci amanata, ga zane nan a bayan takarda. Wannan mai kama da doya ƙafa ce.

Yanzu zan gaya miki na ukun da na ƙi faɗa. Ni ne.

Ina ɗan shekara takwas aka kai ni makarantar mishan, a tsohuwar majami'a mai rufin ciyawa wadda ruwa ya ci tun kafin a haife ki. Aka ba ni allo da ɗan dutsen rubutu. Ina son wurin, wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina son ƙamshin allon in an goge shi da ruwa. Sai dai ta taga ana ganin tafki, kuma duk gaggafar da ta sauko ɗaukar kifi sai ta ɗauke ni tare. Malam ya yi duka har ya gaji. Wata safiya ya zo da igiyar akuya, ya ɗaure idon sawuna a ƙafar benci, ya cika mini allo da lissafi sama da ƙasa, ya ce ba zan tashi ba sai na gama. Yara suna mini kukan akuya. Fitsari ya matse ni, na roƙa, bai kwance ba. Sauran kin sani ba sai na rubuta ba. Mahaifiyarki tana 'yar shekara huɗu, ta biyo ni, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Ita ce ta jefo mini ɓawon kawa mai kaifi daga bakin tafki, da shi na yanke igiyar. Na fita da gudu, lissafin yana kan allo, ban ƙara komawa ba. Esnati ta tafi kabari da wannan labari ba ta gaya wa ko ke ba. Haka take.

Da gari ya waye mahaifina ya zaunar da ni a kan yashi, ya ɗauko wata igiya. Ina ganinta na yunƙura zan gudu. Ya ce, "Zauna. Waccan ita ta riƙe ka. Wannan kai za ka riƙe ta." Ya yi mata zobe mai faɗi, ya zura a babban yatsan ƙafata, ɗaya bakin ya ƙulla a taru. Da yatsan ake jan taru ya miƙe don idanunsa su buɗe. Ƙafa tana ja tana saki, tana rawarta, hannu kuma yana aikinsa. Ranar na gane ƙafata ba muguwa ba ce, aiki ta rasa. Kuma zoben ba ya riƙe kowa. In ka tashi, da kansa yake zamewa. Abin da nake nufi ke nan da haka aka yi mini. Ni da na san igiyar akuya zan aiko wa jikata da ita?

Shekara sittin da shida ina cewa boko ba ya kama kifi. Wanda ya dawo da taru fayau ai shi ke cewa babu kifi a tafki. A Joni, duk wasiƙar da Esnati ta aiko sai na nemi wani ya karanta mini, ƙato ya san sirrin gidanmu kafin ni. Kada ki bari a kai yarinyar nan Rumphi.

Ga abin da za ki yi. Ki ƙulla baki ɗaya a ƙafar tebur, zoben a yatsanta, ta ja yadda take so. Ki ninke takardar aikin, lissafi biyu kaɗai su fito. In ta gama ta tashi, ta je famfo ta jiƙa hannu, ta dawo a buɗe wani ninkin. Sa'an nan ki sa zaninki mai kyau ki je wurin malamar, ki ce kawunki ya ce biyar sun isa. Wanda ya ƙulla ido biyar daidai ya iya gyaran taru. Likitan ma ku je, ban hana ba, ya faɗi nasa sunan mu ji.

Gondwe kuwa ki tuna masa ni na karɓe shi ranar da ya zo neman aurenki da takalmin aro, ban tona masa asiri ba. Ya ajiye rular nan.

Ki ce wa Usipa Kaka bai ce ba. Ki faɗa mata sau biyu.

Kawunki,
Yotamu

Usisya, 22 ga Yuni, 1997

Wezi,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai sanyi. Iskar kudu ta taso, tafki yana ta haushi, kwana tara ba wanda ya fita kamun kifi. Kowa yana kan yashi yana gyaran taru, ni kuma ina kallon ƙafafun mutane kamar mahaukaci.

Jirgi ya zo sau huɗu babu takardarki. Simeon ya daina yi mini ba'a, wannan ya fi ba'ar ciwo. Jiya ma har ya ce in zo mu ci tuwo.

Ban san ko takardata ta Mayu ta same ki ba. In ta faɗa ruwa, zan sake rubutawa, ko da yake abin da na rubuta a ciki ba na jin zan iya fito da shi sau biyu. In ta same ki kuma kika yi shiru, to. Ban yi laifi ba, amma ki yafe mini.

Agusta yana matsowa. Ina ƙirga shi da yatsu.

Takalmin yarinyar yana nan a kan taga. Na san ya yi mata kaɗan yanzu.

Yotamu

Blantyre, 10 ga Agusta, 1997

Kawu na,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Muna lafiya duka. Ni ce mai neman gafara.

Wasiƙarka ta Mayu ta iso a kan lokaci. Ban buɗe ba. Na jefa ta a aljihun tebur tare da igiyar, ta yi mako biyar a ciki. Ka san wadda ba ta barin aljihun tebur ya zauna lafiya. Wata Asabar ina wanki sai ga ta da takarda a hannu, ta riga ta farke ambulan, tana cewa, "Mama, Kaka ya zana doya mai zobe!" Na karɓa na karanta a tsaye, hannuna duk kumfa. Na zauna a bakin bahon na yi kukan da ban yi ba tun ranar binne Mama. Na gaya wa Temwa saƙonka sau biyu. Ta ce, "Ai na sani. Kaka ba shi da akuya ma."

Kada ka ɗauka abin ya tafi sumul. Ranar farko ta ja igiyar har tebur ya biyo ta, shayin babanta ya zube a kan littafin. Zuwa famfo kuwa, in ban bi ta da ido ba sai in same ta tana yi wa kyanwar maƙwabta wanka. Amma a mako na biyu na lura ta daina harbin kujera. Yatsan yana ja yana saki, kanta yana kan takarda. In ta gama biyu sai ta ce, "Kamu ɗaya!" ta zame zoben ta ruga.

Na sa zanina mai kyau na je wurin malamar. Ta ce in ta rage wa ɗaya, iyaye arba'in za su yi mata layi. Na ba ta labarin taru, ban da sashen benci, wannan naka ne. Sai ta ce ƙanenta haka yake, yanzu yana tallan gawayi. Ba ta yarda da biyar ba, ta ce takwas, ita za ta zaɓa ta sa musu alama. Ka yi haƙuri, ban ce mata kawuna ya ce ba.

Gondwe ya ce duk camfin masunta ne. Da na ambaci takalmin aro ya fita waje ya daɗe. Yanzu in ya dawo da wuri shi ke ninke takardar, wai ni ban iya ninki daidai ba. Na ji yana gaya mata, "Ko motar da nake ja tana tsayawa a tasha, wuce ki jiƙa hannu." Ban san inda rular ta shiga ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Alhamis shugabar makaranta ta kira mu. Ta buɗe littafin shafi-shafi. Na farkon shekara duk giɓi, na Yuli kuwa takwas-takwas cif, takardun duk sun yamutse saboda ninki da jiƙaƙƙen hannu. Ta tambayi Temwa me ya sami littafinta. Ta ce, "Taru ne, Malama." Matar ta dube ni, ta dube ta, ta rufe littafin ta ce kujerar tana nan, sai dai a sa wa littafin bango. Likita yana nan a Satumba, za mu je.

Akwai wata takarda a ninke cikin wannan. Temwa ce ta rubuta da hannunta. Na gaya mata kakanta bai gama lissafinsa ba tun yana ƙarami, ban faɗi dalili ba. Ta ce ba daidai ba ne, kowa sai ya yi aikin gida. Ta ce tambayoyi takwas ta sa maka, kada ka buɗe duka, kuma ba a leƙe.

'Yarka,
Wezi

Usisya, 31 ga Agusta, 1997

Wezi 'yata, da Gondwe surukina, da Malama Temwa,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata lau, iska ta kwanta, usipa ya dawo har ya yi araha. Ruwa ya janye, dutsen Esnati ya fito. A kansa na zauna na karanta takardarki, don ita ma ta ji.

Biyar na ce, kuka karɓi takwas. Har gobe biyar ne daidai, amma na bar maganar.

Aikin gida kuwa, ranar Talata da hantsi na fito da shi bakin ruwa. Na shimfiɗa tabarma, na sa zobe a yatsa na ƙulla a turken kwale-kwale, na buɗe ninki ɗaya. Ban leƙa ba, ko da yake zuciyata ta so. Simeon ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yotamu, me kake ɗinkawa babu taru?" Na ce, "Aikin makaranta nake." Ya ce, "Tsufa ya taɓa ka." Na ce, "Matsa mini daga haske, jahili." Bai matsa ba, ya zauna yana ƙirga mini da tsakuwa, yana kuskure. Sau huɗu na tashi na jiƙa hannu. A tashi na uku gaggafa ta sauko ta ɗauki kifi dab da ni. Na tsaya na kalle ta har ta ɓace bayan tudu, ba wanda ya ce mini komai, na dawo na zauna.

Ina da ƙara a kan tambaya ta shida. Malama ta ce masunci ya kama kifi goma sha biyu, ya ba maƙwabcinsa biyar, saura nawa. Na rubuta bakwai don na san abin da ake so ke nan. Amma a sani, babu masuncin da zai isa gida da bakwai. Mai taya jan kwale-kwale yana da ɗaya, gwauruwar da ke bakin hanya tana da ɗaya, Simeon kuma zai saci ɗaya. Huɗu ne. Na sa shi a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Ga takardar nan na mayar, a ninke yadda ta zo. Tabon da ke gefe ruwan tafki ne, ba wani abu ba.

Na bar allo a kan benci ina ɗan shekara takwas. Ranar Talata na gama. Ki ba Malama jan biro ta duba da kyau, kada ta ji tausayina don tsoho ne. In na ci, ta zo da Kirsimeti ta karɓi takalminta.

Ɗalibinku,
Yotamu Mphande